Gyaran Unguwa a Bakin Bakolori: Daga Lambatu Ake Farawa

Duk wanda ya bi hanyar Gusau zuwa Sakkwato ya ratsa ta Talata Mafara zai ga gari biyu a cikin gari ɗaya. A bakin titi akwai shagunan bulo da rufin kwano yana ƙyalli, da gidajen mai, da 'yan benaye masu fenti. Da zarar an karya kwana an shiga lungu kuwa, sai katangun ƙasa, wasu an shafe su da siminti ya fara ɓamɓarowa, wasu gindinsu ya zaizaye har ana iya zura hannu, ga ruwan wanke-wanke yana neman hanya a tsakiyar lungun. Haka abin yake a Bakura da Maradun, haka kuma, gwargwadon girmansu, a garuruwa irin su Dosara. Idan hukuma ta yi maganar sabunta gari, yawanci garin farko take nufi: a shimfiɗa kwalta, a kafa fitilu, a gina shatale-tale, a rushe abin da ya tare hanya. Da tituna aka soma shirin sabunta Gusau a 2023, kuma babu mai hankalin da zai ƙi titi mai kyau. Sai dai mafi yawan mutane a gari na biyu suke kwana suke tashi. A ganina can ya kamata a zuba ƙarfi, bisa sharaɗi biyu: a gyara unguwa mutanenta suna cikinta, sannan a daina kallon ginin ƙasa a matsayin cutar da ake son warkarwa, domin abin da ke kayar da gidajen nan ruwa ne da aka bari ba a yi masa hanya ba.

Wannan yanki ba ya bukatar a je nesa a aro masa darasi kan tsara wa mutane matsuguni daga ofis. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, tafki mai ɗaukar ruwa kusan mita kubik miliyan 450, wanda ya shanye fili kimanin hekta 8,000. Dubban mutanen da ruwan ya ci garuruwansu da gonakinsu aka kwashe su zuwa sababbin matsugunai, ciki har da Sabon Maradun, a kan tudu, nesa da fadamar da ta ciyar da kakanninsu. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin noman rani su ma an karɓe gonakin don a baje su a haƙa magudanai, aka sassare itatuwa, damina ta zo ta wuce ba a yi shuka ba, diyya kuma ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyi suka hana aiki, har ta kai ga abin da ya faru a watan Afrilun 1980, da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu; mutanen yankin da masu bincike da dama sun ce ɗaruruwa ne. A takarda an auna ruwa, an auna ƙasa, an yanka fulotai layi-layi. Abin da ba a sa a ma'auni ba shi ne yadda gidan Bahaushe ya wuce ɗakin kwana: rumbu yana cikin lissafinsa, turken dabba yana ciki, haka rijiya da maƙabarta da ranar kasuwa da maƙwabciyar da ake aika yaro ya ɗebo wuta a gidanta. Kada kuma a ɗauka kayan gini mai kyau yana wanke wannan laifi. A Masar, a shekarun 1940, Hassan Fathy ya gina Sabuwar Gurna kusa da Luksor da tubalin ƙasa, gini mai sanyi da ban sha'awa da har yau ɗaliban zanen gine-gine ke zuwa gani, amma yawancin mutanen da aka gina dominsu suka ƙi komawa, saboda abincinsu yana tsohon wurin. A Legas, a watan Yulin 1990, gwamnatin soja ta rushe Maroko, mutum kimanin 300,000 suka rasa matsuguni, talaucin unguwar kuwa watsuwa ya yi ya sake tsirowa a wasu wurare.

Yanzu ga wata ƙaura ta sake zuwa, wannan karon ba wanda ya zana ta. Fiye da shekara goma na hare-haren 'yan bindiga sun kori mutanen ƙauyuka zuwa Mafara da Bakura da Maradun da Gusau. Wasu sun raɓa da dangi, wasu suna kangaye, wasu a makarantu. Gidan da aka gina don iyali ɗaya yana ɗauke da iyali uku, ana yanka tsakar gida a tayar da ɗaki, masai ɗaya yana ɗaukar nauyin da ba don shi aka haƙa shi ba. Wanda ya samu ɗan abin hannu ya sayi fuloti a bayan gari, kuma mafi arahar fuloti shi ne wanda ke kan hanyar ruwa. Ko da zaman lafiya ya dawo gobe, da yawansu ba za su koma ba, domin 'ya'yansu a nan suka buɗe ido. Saboda haka tambayar da me za a yi gini, a ina kuma, tambaya ce ta dubban ɗakunan da za a tayar a cikin shekaru kaɗan masu zuwa, ko hukuma ta tsara ko ba ta tsara ba. Abin da ke ɗaure kai shi ne, ƙananan hukumomin nan uku kowacce ta fitar da gwamnan Zamfara tun daga 1999: Ahmad Sani Yarima daga Bakura, Abdul'aziz Yari daga Talata Mafara, Bello Matawalle daga Maradun. Ba za a ce yankin ya rasa mai magana a sama ba. Matsalar tana wurin abin da mu duka, masu mulki da masu zaɓe, muka saba ƙirgawa a matsayin aiki.

Ya kamata a tsaya a dubi ginin ƙasa da kyau, domin da masu kushe shi da masu yabonsa, da yawa ba su taɓa tsayawa sun ga yadda ake yin sa ba. Da rani ake gini. A haƙo jar ƙasa mai ɗan tsakuwa, a jiƙa, a zuba mata ciyawa da kashin dabbobi, a tattake da ƙafa, a bar ta ta yi kwanaki tana ruɓa, a sake kwaɓawa har ta yi danƙo. Daga nan a dunƙula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini yana zaune bisa katanga ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, yaron aiki yana jefo masa tubali ɗai-ɗai yana cafewa, yana jerawa gindi ƙasa, yana danna kwaɓi a tsakani da tafin hannu, kuma ba ya ɗora sabon sahu sai na ƙasa ya sha iska. Katangar da kauri take farawa, tana sirancewa tana hawa. In an zo rufin soro sai a shimfiɗa azara, wadda ake tsagawa daga giginya saboda gara ba ta cin ta da sauƙi, a ɗora zana, a zuba ƙasa a daddale, a shafe da abin da ke hana ruwa shiga: makubar da ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko lason da ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Indararo kuma aikinsa ya tofar da ruwan sama can nesa da gindin katanga. Inda ake son ɗaki mai faɗi sai a yi baka ko ɗaurin guga, dabarar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ƙarshenta a Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Amfanin wannan kauri yana bayyana a watan Afrilu, lokacin da zafi a wannan yanki ke wuce digiri 40: katangar tana shanye zafin rana a hankali, ba ya isa cikin ɗaki sai bayan faɗuwar rana, a lokacin kuwa mutanen gida sun fito da tabarmi tsakar gida. Da hunturu abin ya juya, ɗakin ya riƙe ɗumi har asuba. Gaskiya ne a daren bazara ɗakin soro ma ba ya shiguwa, shi ya sa tsakar gida da inuwar itace da zaure suke cikin tsarin. Wanda ya cike tsakar gida da ɗakuna ya ɓata lissafin, ko da me ya yi ginin.

Bulo da kwano su ma suna da hujjarsu, kuma mutanen da suka zaɓe su ba wawaye ba ne. Bulo ana sayensa kaɗan-kaɗan a jibge a ƙofar gida har ya taru, damina ba ta narkar da shi. Ginin yana sauri. Ba ya neman yaɓe kowace shekara. Ɓarawo kuma ba ya huda shi da sauƙi kamar katangar ƙasa, abin da ba ƙarami ba ne a wannan zamani. Amma a dubi abin da ake biya. Ɗakin bulo mai inci shida da rufin kwano ba silin, kafin azahar ya zama tanda, maganinsa fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, su kuma suna jiran wutar da ba ta zuwa. Ga masana'antar siminti a Kalambaina kusa da Sakkwato, amma kusancinta bai hana buhu wuce naira 10,000 a farkon 2024 ba. Idan siminti ya yi tsada mai buga bulo ba ya rufe sana'a, yashi yake ƙarawa, har a samu bulon da ake marmasawa da yatsa. Wannan shi ne ainihin bulon da talaka ke saye, kuma da shi ya kamata a gwada ginin ƙasa, ba da wanda ke cikin littafin injiniya ba. Sannan kuɗin siminti da rodi da kwano da dakonsu ficewa suke yi daga gari, alhali kuɗin ginin ƙasa yawancinsa ladan aiki ne da ke shiga aljihun magini da lebura da mai amalanke, ya kwana a kasuwar garin. Akwai kuma maganar da duniya ta fi yi, cewa sarrafa siminti yana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Gaskiya ce, amma ba adalci ba ne a ɗora wa mutumin Dosara wannan nauyi, shi da bai taɓa ƙona abin da ya kai na unguwa ɗaya a Turai ba. Hujjar da ta shafe shi ita ce aljihunsa da barcin 'ya'yansa.

Mafi nauyin suka ita ce ginin ƙasa yana faɗuwa, yana kuma kashe mutane. Ba a musun wannan. Kowace damina ana jin labarin katanga ta danne yara a wani gari. Ranar 11 ga Agustan 2023 wani sashe na masallacin Zariyan nan da aka ambata ya rufta kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka. A watan Satumbar 2024 ruwan sama ya kayar da tsohon masallacin Birni a Damagaram, wanda aka gina tun tsakiyar ƙarni na 19. Wanda ya rasa ɗa a ƙarƙashin katanga ba ya bukatar lacca kan kyawun gado. Sai dai a lura da shekarun gine-ginen nan biyu: sun haura ƙarni ɗaya da rabi a tsaye. A lura kuma cewa benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi a watan Nuwamban 2021, da makarantar da ta rufta kan ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024, na siminti da rodi ne. Kowane gini yana da abin da ke kashe shi. Na siminti ha'inci a wurin haɗi da rashin bin ƙa'ida; na ƙasa ruwa da rashin kula.

Ruwan kuwa ta hanya uku yake zuwa. Ta sama, idan indararo ya toshe ko ya karye, ko an bar tsaga a rufi ba a liƙe ba kafin ruwan farko. Ta gefe, idan iska ta kaɗo ruwa kan katangar da ba a yaɓe ba shekara da shekaru. Ta ƙasa kuma, wanda ya fi kowanne ɓarna, idan ruwa ya kwanta a lungu yana jiƙa gindin gini. A nan ne gyaran da ake yi da kyakkyawar niyya yake zama sanadi. Mai gida ya shafe katangar ƙasa da siminti don ta yi kyau. Simintin ba ya numfashi, danshin da ya hau daga ƙasa ya rasa mafita, katangar ta ruɓe a ɓoye, wata rana shafen ya faɗo da rabin katangar a bayansa. Hukuma ta zo ta yi titi, ta cike shi ya fi daɓen gidaje tudu, ba ta yi lambatu ba ko ta yi wanda bai kai ko'ina ba. Ruwan da a da yake bin titi ya wuce sai ya juya ya shiga zaure. In gidan ya faɗi a ce laifin ƙasa ne. Maganin duk wannan sananne ne, ba ya kuma bukatar a yi gaba da siminti: a sa shi inda yake da amfani. A tayar da harsashi da dutse ko bulo mai ƙarfi ya ɗaga sama da inda ruwa ke kaiwa, a ɗora ƙasa a kai, a yi rufin da bakinsa ya zarce katanga. Ga kuma tubalin da ake matsewa da inji, ƙasa ce da ɗan siminti kashi 5 zuwa 8 cikin 100, ba a ƙona shi, a lulluɓe shi ya yi makonni yana ƙarfi; yana fitowa da kusurwa tsaf kamar bulo, birkila yana iya aiki da shi. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta ƙasa, NBRRI, wadda aka kafa a 1978, ta daɗe tana ƙera irin wannan inji. Kwano ma yana da wuri. A makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso, wadda Francis Kere ya gama a 2001, silin na ƙasa ne, kwanon kuma an ɗaga shi sama a kan ƙarafa, iska tana ratsawa tsakani tana kwashe zafin, bakin kwanon yana kare katanga daga ruwa.

Suka ta biyu ta fi wuyar amsawa, domin ta zuciya ce. Gidan ƙasa ya zama alamar wanda bai samu ba. Mai neman aure ya san abin da dangin yarinya za su fara dubawa, wanda ya dawo daga ci-rani da ɗan kuɗi kuma kwano yake fara saye don a san ya dawo. Akwai ma rashin kunya a ce mai zanen gine-gine da ke kwana cikin sanyin na'ura a Abuja ya zo yana yi wa manomi wa'azin komawa soro. Wa'azi ba zai canja wannan ba, ganin ido ne zai canja, kuma misalan suna ƙetaren iyaka, a Nijar, a cikin Hausawa 'yan'uwa. A Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya soma masallacin Juma'a na ƙasa a 1962, mutanen gari suka yi aikin da hannunsu, ya yi ta ƙara masa har ya kai ga hasumiyoyi huɗu, a 1986 kuma ginin ya ci kyautar Aga Khan. A Dandaji, a 2018, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili suka mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu maimakon a rushe shi, suka gina sabo kusa da shi da tubalin inji, tare da maginan wurin. A Yamai kuma rukunin gidajen da ake kira Niamey 2000 ya nuna ana iya yin bene na ƙasa, gidaje a matse a ƙaramin fili, kowanne da tsakar gidansa, don ma'aikata masu matsakaicin ƙarfi. Kere da kansa ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, wadda ba ta da ta biyu a wannan fanni. Ba kyaututtukan ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne, galibinsu gine-ginen jama'a ne, masallaci da makaranta da ɗakin karatu, inda kowa zai shiga da rana tsaka ya ji bambanci a jikinsa. Muddin gwamnati da attajirai ba su taɓa gina wa kansu komai da ƙasa ba, talaka yana da hujjar ya ɗauka abin da aka rage masa ne.

Akwai kuma sukar da ta fi dacewa da Zamfara, wadda masu sha'awar ginin gargajiya kan tsallake. Giginya ta yi ƙaranci, tana kuma shekaru masu yawa kafin ta isa sara, don haka ba za a rufe dubban ɗakuna da azara ba. Amsar wannan ma ta fito daga Nijar, inda tun shekarun 1980 aka koyar da magina gini marar katako, rufin kumburi da baka na tubali zalla. Marina sun mutu a garuruwa da yawa, katsi ya yi wuya, dole a nemi madadin laso. Sai kududdufi: duk inda aka ɗebi ƙasa an bar rami, ramin ya tara ruwa da sauro da shara, wani lokaci ya ci yaro. Amma cike kududdufai a yanka fulotai, kamar yadda aka yi ta yi a Kano, kora ruwan yake yi zuwa cikin gidaje, domin ramin shi ne ma'ajiyar ruwan unguwa tun asali. Abin yi shi ne a tsare shi, a kewaye, a haɗa shi da lambatu, a hana zuba shara. Na ƙarshe, kuma ba abin wasa ba: a 2010 gubar dalma daga sarrafa dutsen zinariya a cikin gidaje ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka fitar. A jihar da ake haƙar zinariya, duk wanda zai buga tubali da yawa wajibi ne a san daga inda ƙasarsa ta fito, a kuma gwada ta.

Idan ruwa ne babban mai laifi, to gida ɗaya ba ya iya kare kansa, domin ruwan da ka kora daga ƙofarka ƙofar maƙwabci yake nufa. Shi ya sa lungu ne ma'aunin gyara. A Jakarta, daga 1969, hukumar birni ta shiga unguwannin talakawa ba ta rushe su ba, ta daɓe hanyoyin ƙafa, ta yi magudanai da famfuna da makewayi, masu gidaje kuma da suka ga ba korar su za a yi ba suka shiga gyara gidajensu da kuɗinsu. A Orangi, cikin Karachi, daga 1980, Akhtar Hamid Khan ya tsara aiki lungu-lungu: mutanen lungu su tara kuɗi su haƙa magudanarsu bisa awon da masana suka yi musu, babbar magudanar da za ta kwashe duka kuma ta zama nauyin hukuma. Wannan rabon aiki ba baƙo ba ne a ƙasar da ta san gayya, take kuma da mai unguwa da limami da ƙungiyoyin matasa da ke yashe kwata kafin damina. Abin da gayya ba ta iya yi shi ne awon gangara daga wannan unguwa zuwa waccan, da kwalbati, da babban lambatu zuwa rafi. Rashin wannan ne ke sa aikin matasan ya tashi a banza, su yashe nan ruwan ya tsaya can. A cikin wannan awo ne za a raba rijiya da masai, tunda kusancinsu ne ke kawo amai da gudawa kowace damina, a kuma bar wa itacen dogon yaro wuri a bakin lungu. Matan da ke yini a cikin gida suna ƙuli-ƙuli da surfe da kiwon awaki su suka fi kowa sanin inda ruwa ke kwanciya, su ne kuma ba a tambaya.

Za a ce lungunan nan sun yi ƙunci, motar asibiti ko ta kashe gobara ba ta shiga. Haka ne, wasu wuraren dole a buɗe hanya, dole wani ya rasa zaure ko ɗaki. Amma buɗe hanya biyu ko uku a unguwa, bayan an zauna da masu gidajen, an biya diyya kafin a taɓa katanga, an kuma ba wanda ya rasa wuri fili a cikin unguwar, daban yake da shafa jan fenti a layi guda a ba da wa'adin mako biyu. Ƙuncin lungu ma yana da ranarsa, shi ke ba da inuwa. Ƙarƙashin duk wannan akwai maganar takarda. Dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna, yawancin gidajen cikin gari kuwa na gado ne, shaidarsu maƙwabta da mai unguwa, wasu ma ba a raba gadon ba. Mutumin da bai san ko gobe za a rushe shi ba, ko magajin da bai san ɗakin zai faɗo a rabonsa ba, ba zai sa kuɗi a harsashi ba. Zai liƙa leda ya jira. Takarda mai sauƙin samu, wadda ba sai an yi ta zarya Gusau ba, tana cikin kayan gini kamar yadda dutse yake.

Kayan aikin ba su yi nisa ba. Kwalejin fasaha ta Abdu Gusau tana nan Talata Mafara, ɗalibanta suna iya auna gangarar unguwanni su gwada ƙasar ramuka. Tsofaffin magina suna nan, birkiloli matasa suna nan, abin da ya rage a haɗa su a kan aiki na gaske, ajin makaranta ko ɗakin shan magani ko rumfunan kasuwa. Cikas ɗin yana wurin yadda ake kashe kuɗin gwamnati. Aikin lungu ƙananan kwangiloli ne masu yawa, ribarsu kaɗan, ba su da ƙyallen da za a yanka a gaban 'yan jarida, kasafin kuɗi kuma ya san sabon gini amma bai san gyara ba. Ginin ƙasa, ko na inji ne, yana son a duba rufinsa da indararonsa da gindinsa kowace shekara kafin ruwan farko, wajen watan Mayu. A gidan mutum mai gida ne ke yi. A ginin gwamnati sai an rubuta wanda zai yi, da kuɗin da zai yi da shi, tun ranar da aka ba da kwangilar. In ba a rubuta ba, ajin farko da aka gina da ƙasa zai tsage a cikin 'yan damuna, iyaye su janye 'ya'yansu, kuma ba wanda zai sake sauraron maganar a Mafara ko Bakura ko Maradun sai bayan shekaru masu yawa.